Koci ya cire ni daga lamba 10 ya mai da ni lamba 6, in haƙura ko in nemi wani kulob?

Lamba_Goma:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa buga ƙwallo da gaske ba kallo kawai ba. Shekarata 19, tun ina ƙarami lamba 10 nake bugawa, duk inda na je nan ake ajiye ni a bayan ɗan gaba, ni nake ba da fasin na ƙarshe ni nake buga firikik da kwana. Kakar da ta wuce ƙwallo 7 na ci banda waɗanda na bayar aka ci. To bana sai aka kawo mana sabon koci, sati biyu kacal da zuwansa ya kira ni bayan tirenin ya ce daga yau lamba 6 zan riƙa bugawa, gaban 'yan baya. Na ce Koci ai ni ban taɓa buga wajen ba, ya ce ya sani ai shi ya sa ake tirenin. Shi ke nan fa ya juya ya yi tafiyarsa.

Yanzu wasa biyar ke nan ina can baya, ban ci ko ɗaya ba, raga ma sau biyu kawai na auna, katin gargaɗi kuwa har uku na karɓa saboda ban iya takil ba kullum a makare nake isa. Abin da ya fi ƙona min rai yaron da aka ba wajena wallahi na san na fi shi kuma kowa a kulob ɗin ya sani. Sannan masu zuwa neman 'yan wasa ai wanda ya ci ƙwallo suke rubuta sunansa, wa zai tsaya kallon mai tsayuwa a baya yana miƙa fasin gefe da gefe? Abokaina suna cewa kocin ba ya sona ne kawai, in tattara takalmana in nemi wani wajen tun ba a rufe kasuwa ba, yayana kuma ya ce in yi haƙuri in bi. Ni dai kaina ya ɗaure, jiya ko barcin kirki ban yi ba. Me kuka gani?

Masoyin_Tamaula:

Wa alaikumus salam. Ƙanina gaskiya ni ina bayan abokanka. Abin da ya faru da Mikel Obi ke nan kuma har gobe abin yana min ciwo. Duk wanda ya kalli gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005 ya san me nake faɗa, yaron nan lamba 10 ne cikakke, kai a sama ƙwallo a ƙafa kamar da zare aka ɗaura masa ita. Najeriya ta kai wasan ƙarshe Ajantina ta ci 2-1 duka biyun Messi ne ya ci da fenareti, da aka zo raba kyautar gwarzon gasa Messi na ɗaya Mikel na biyu Taye Taiwo na uku. Ka ji fa, Messi kaɗai ke gabansa. Da ya je Chelsea a 2006 me aka yi? Mourinho ya ja shi baya ya ce ya koyi aikin Makelele, tare, ƙwace, miƙa wa na kusa da kai. Sama da shekara goma a kulob ɗin ƙwallo ɗaya tak ya ci a Firimiya, ita ma sai a 2013 a wasansu da Fulham. Mutumin da aka jera shi da Messi!

Ka dubi De Bruyne kuma, a kulob ɗin dai a hannun kocin dai, da ya ga ba a yi da shi bai zauna jiran tsammani ba, Janairun 2014 ya tafi Wolfsburg a Jamus, shekara ɗaya da rabi Man City ta dawo da shi Ingila, sauran labarin kowa ya sani. Salah ma haka, ya zo daga Basel ya sha benci, aka ba da shi aro Fiorentina, ya wuce Roma, da Liverpool ta ɗauko shi a 2017 kakarsa ta farko ƙwallo 32 ya zura a lig. Da sun tsaya suna yi wa koci biyayya da yanzu an manta da su. Zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi, shekarunka 19 yanzu ne lokacinka, kar ka bari wani ya kashe maka baiwar da Allah ya ba ka.

Tsohon_Kyaftin:

Ɗana Lamba Goma sannu. Sau biyu na karanta saƙonka don kamar labarina ka ɗauko ka rubuta. Shekara 13 na yi ina cin abinci da ƙwallo, kulob biyar, kociyoyin da na yi aiki a ƙarƙashinsu kuwa sun haura goma sha biyar don akwai kulob ɗin da a kaka ɗaya sai da aka canja mana uku. Da ƙwallo na riƙe iyalina, kuma ina gaya maka tsakani da Allah da ban yarda na bar gaba na koma baya ba da ko shekara huɗu ban yi a harkar ba.

Ni lamba 9 ne asalina, wato ɗan gaba mai cin ƙwallo. Ina da shekara 21 muka samu wani koci dattijo, ba shi da yawan magana, a tirenin hannunsa a baya yake tsayawa usur ɗin ma da ƙyar yake busawa. Wata rana muna da wasa a gida na zo na duba takardar da ake mannawa a ƙofar ɗakin canja kaya babu sunana, ko a benci. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba, har na saɓa jakata zan fita sai mataimakinsa ya sha gabana ya miƙo min wani ɗan littafi da biro, ya ce Koci ya ce ka hau can saman 'yan kallo layin ƙarshe, kar ka bi ƙwallo da ido ko sau ɗaya, lamba 6 ɗin baƙi kawai za ka kalla, duk sanda ya waiwaya ya duba bayansa ka ja layi ɗaya. Na hau ina cika ina batsewa. Mutumin da aka ce in kalla ɗin ma tsoho ne, ya kai 34, gwiwarsa ɗaya a naɗe da bandeji ko gudun kirki ba ya yi. Amma kafin a tafi hutun rabin lokaci na cika shafi da layuka na juya baya. Kansa kamar na mujiya, kafin ƙwallo ta iso shi ya duba hagu ya duba dama sau biyu sau uku, tana zuwa taɓawa ɗaya ta wuce, 'yan tsakiyarmu matasa masu jini a jika suna ta haki a bayansa ba wanda ya taɓa rigarsa. A nan sama ne na fara ganin ashe shi yake tuƙa wasan gaba ɗaya, in yana so a yi sauri a yi in yana so a lafa a lafa. Shekara nawa ina buga ƙwallo amma ranar na fara kallonta.

Washegari kocin ya karɓi littafin ya ƙirga layukan a gabana, sannan ya faɗa min maganar da har na bar ƙwallo ba wanda ya sake faɗa min irinta. Ya ce a lamba 9 irinka sun fi ɗari a ƙasar nan, gudunka na taku biyar ɗin farko bai kai ba kuma a cikin akwati kana taɓa ƙwallo sau biyu inda ake son sau ɗaya, wannan ba zan iya gyara maka ba. Amma na lura in an ƙwace mana ƙwallo kai kake fara sanin inda za a jefa ta tun mai ita bai ɗaga kai ba, wannan kuma ba zan iya koya wa kowa ba. Wallahi kwana uku ina jin haushinsa. Wa yake so a ce masa abin da yake taƙama da shi tun yana yaro bai kai ba? Amma gaskiya ce, ni kaina a can cikin zuciyata na sani, don na sha ganin 'yan baya suna riga ni isa kan ƙwallon da ya kamata a ce tawa ce.

Wata shida na farko na sha wuya irin wadda kake sha yanzu har ma fiye, jan kati biyu na karɓa, akwai wasan da kuskurena ya sa aka ci mu a minti na ƙarshe magoya baya suka tsaya a bakin ƙofa suna kiran lambata suna zagi. Dattijon nan da 'yan jarida suka tambaye shi ya ce laifinsa ne shi ya ajiye ni a wajen, sati mai zuwa kuma ya sake sa ni tun daga farko. Wannan ne koci.

To amma ban ce maka duk kocin da ya canja maka waje alheri yake nufinka da shi ba, don na ga ɗaya ɓangaren ma. Na yi wani koci mai daɗin baki, kullum kai ne ɗana kai ne ginshiƙin kulob, yau ya sa ni lamba 2 gobe lamba 5 jibi lamba 8, duk inda aka samu rauni ni ne abin toshe rami, bai taɓa tsayawa minti biyar ya nuna min yadda ake tsayuwa a ko ɗaya daga ciki ba. Shi ne kuma lokacin da gwiwata ta fara ciwo ina da shekara 29 ya ce a yi min allura in buga wasa uku da suka rage don kujerarsa tana rawa, ni kuma don kar a ce kyaftin ya gudu na yarda. A wasa na biyu na juya zan bi ɗan gaba na ji ƙas a cikin gwiwar, ban ma faɗi da ƙarfi ba zama kawai na yi a kan ciyawa na ɗaga hannu. Jijiya ta tsinke, tiyata, wata tara ban taka fili ba. Ina kwance aka gaya min ashe tun kafin raunin ya riga ya yi magana da wanda zai maye gurbina. Ko waya bai yi min ba. Na dawo na ƙara shekaru amma ƙafar ba ta sake zama kamar da ba, har yau in sanyi ya shigo tana tuna min.

Shi ya sa nake so ka gano wane iri ne kocinka a cikin biyun nan kafin ka yanke hukunci, wannan ita ce tambayar ba maganar lamba ba.

Malam Masoyin Tamaula kuma, ina girmama ra'ayinka amma misalanka biyu na ƙarshe ba su hau ba. De Bruyne da Salah benci suke dumamawa, ba a sa su ne shi ya sa suka tafi, kuma daidai suka yi, ɗan shekara 22 da ba ya buga wasa ya tafi inda zai buga. Shi wannan yaron wasa biyar a jere ana sa shi. Kocin da ba ya sonka ba ya damƙa maka tsakiyar fili gaban 'yan bayansa, wajen da in ka yi kuskure ɗaya shi za a kora daga aiki, ajiye ka yake a benci ya manta da kai. Maganar Mikel kuma ka tuna su wa ya tarar a Chelsea a 2006, Lampard yana nan Essien yana nan Ballack ya zo a shekarar, yaro ɗan 19 a ina zai samu wajen gaba a cikin waɗannan? Kuma bayan Mourinho kociyoyi nawa suka wuce, Grant, Scolari, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, kowa ya zo sai ya yi amfani da shi a wajen. Ka koma ka kalli wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2012 a Munich, minti 120 Bayern suna ta ruwan hare-hare a gidansu, ka kalli Mikel kawai kamar yadda aka sa ni kallon tsohon nan, za ka ga aiki. Ban musa maka ba an yi asarar wani abu, ni ma ina son ganin irin ɗan wasan da zai zama da an bar shi a gaba. Amma mutum ya ɗauki Firimiya biyu da kofin zakarun Turai, ya ɗauki kofin Afirka a 2013 da Keshi, a shekarar ya zo na biyu a gwarzon Afirka bayan Yaya Toure, ba za a ce an kashe shi ba.

Koci_Na_Matasa:

Kyaftin Allah ya saka da alheri, ka gama magana, ɗan ƙari kawai zan yi a matsayina na mai horar da yara. Da farko dai in faɗi laifin ɗan uwana koci, bai kyauta ba da ya ce ai shi ya sa ake tirenin ya juya ya tafi. Yaro ɗan 19 ka raba shi da wajen da ya taso a kai dole ka zaunar da shi ka gaya masa me ka gani, mu kociyoyi muna da wannan halin na ɗauka cewa abin da ke kanmu kowa ya gani.

Amma Lamba Goma ka san labarin Pirlo kuwa? Lamba 10 ne shi ma kamar kai, Inter ta saye shi ya kasa samun waje, a farkon 2001 aka ba da shi aro Brescia inda ya taso. Ya je ya tarar Roberto Baggio ne a lamba 10, wa zai cire Baggio? Sai kocinsu Carlo Mazzone ya ja shi baya gaban 'yan baya ya ce daga nan za ka riƙa rarraba wasa. Nemi bidiyon ƙwallon da Baggio ya ci Juventus a kakar, doguwar fasin da ta tsallake kowa ta sauka a ƙafarsa daga wajen Pirlo ta taso, daga can baya. Da ya koma Milan Ancelotti ya ci gaba da ajiye shi a nan, kofin zakarun Turai 2003 da 2007, kofin duniya 2006. Bai daina zama lamba 10 a kansa ba, fili kawai aka ƙara masa, maimakon ya karɓi ƙwallo da mutum biyu a gadon bayansa sai ya zama yana karɓa yana fuskantar wasan duka.

Henry ma a gefe yake bugawa, rabin kaka ya yi a Juventus a 1999 abin bai yi ba, Wenger wanda ya san shi tun Monaco ya kawo shi Arsenal ya ce tsakiya za ka koma, wasa takwas na farko bai ci ko ɗaya ba, ƙarshe ƙwallo 228 ya ci wa kulob ɗin ba wanda ya kai shi. Victor Moses kuwa shekara uku Chelsea tana yawo da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, sai da Conte ya zo, bayan Arsenal ta lallasa su 3-0 a Satumban 2016 ya koma 'yan baya uku ya ba Moses gefen dama gaba ɗaya ya hau ya sauko, wajen da bai taɓa bugawa ba, suka ci wasa 13 a jere suka ɗauki kofi.

Batun masu neman 'yan wasa kuma ka cire wannan tunanin, zamanin ya wuce. Yanzu kulob da yawa ma ba sa wasa da lamba 10 irin na da mai tsayawa yana jiran a kawo masa, amma ba kulob ɗin da ba ya neman lamba 6 mai iya karɓar ƙwallo a matse ya juya ya ba da ita gaba, su ne suka yi ƙaranci. Wa ya ci Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan wasan duniya, a 2024? Rodri, kuma lamba 6 ne. Kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Man City kofin zakarun Turai a 2023. Ka gaya mana dai, tun da ya mai da kai wajen akwai wani abu da yake nuna maka ko sakin ka kawai ya yi?

Lamba_Goma:

Na gode ƙwarai Baba Kyaftin, na gode Koci, wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta. Gaskiya in zan faɗi tsakani da Allah ba sakina ya yi ba, kusan kullum bayan tirenin mataimakinsa yana tsayar da ni kamar minti ashirin, ya tsaya a bayana yana ɗaga yatsu wani ya bugo min ƙwallo sai na faɗi yatsu nawa ya ɗaga kafin in taɓa ta, ni da na ɗauka horo ne ake min don na yi gardama. Kuma wasa biyar ɗin nan ba a taɓa canja ni ba ko minti ɗaya. Shi kocin ne dai ba ya magana, fuskarsa kullum a ɗaure ina jin nauyin tunkararsa. Ta yaya zan same shi ba tare da ya ga kamar raini ba ne? Sannan maganar katin nan, saura kaɗan a dakatar da ni wasa ɗaya.

Masoyin_Tamaula:

To Kyaftin na ji kuma na yarda batun De Bruyne da Salah ba iri ɗaya ba ne da nasa. Amma abu ɗaya ba wanda ya taɓo, daɗin ƙwallon fa? Yaron nan ya ce ko barci ba ya yi. Duk wanda ya fara buga ƙwallo don ya ci ne ya ji fili ya ɗauki ihu, ba don ya riƙa share wa wasu hanya ba. Pirlo ɗaya ne, nawa aka ja baya suka ɓace ba wanda ya ji labarinsu? Kai kanka Kyaftin ka faɗa mana gaskiya ba ka yi kewar raga ba?

Tsohon_Kyaftin:

Na yi kewa mana, sosai ma. Shekara goma sha ɗaya da na yi ina buga baya ƙwallon da na ci ba su kai goma ba kuma kowace ɗaya zan iya ba ka labarinta da minti da ƙafar da na buga. Akwai ranakun da muka ci wasa aka ɗaga ɗan gabanmu sama ana waƙa da sunansa ni ina tafiya ɗakin canja kaya ni kaɗai ƙafafuna duk sun kumbura, ba wanda ya san sau nawa na tare abin da zai zama ci. Yana da ciwo ba zan ɓoye ba. Kuma gaskiyarka akwai waɗanda aka ja baya suka ɓace, na san wasu da idona. Sai dai akwai wani daɗin da ban san da shi ba sai da na koma wajen, ranar da ka karanta fasin tun mai ita bai buga ba ka taka biyu ka tsaya ta zo ta same ka kamar kai aka aiko wa, ko ɗan bayanka ya zo bayan wasa ya rungume ka bai ce komai ba don shi ya san abin da ka ɗauke masa. 'Yan kallo ba sa gani amma duk wanda ke cikin fili ya sani.

Ɗana, wannan wasan yatsun da kake cewa horo ne, shi ne littafin da aka ba ni, sak. Mutumin da zai sa a ɓata minti ashirin kullum a kanka ba toshe rami yake da kai ba. Yadda za ka same shi kuwa, kar ka je ranar wasa kar ka je bayan an ci ku, kuma ba a gaban yara ba. Ka bari ranar tirenin mai sauƙi ka riga kowa zuwa, ka gaishe shi, kar ka ce me ya sa ka cire ni daga wajena don nan take zai rufe, ce masa Koci ina so in iya wajen nan, me ka gani a wasana da ya sa ka zaɓe ni kuma me kake so in fara gyarawa. Irin waɗannan masu ɗaure fuskar in ka tambaye su aiki sai ka ga bakinsu ya buɗe har ka gaji. In ya ba ka amsa mai ma'ana ka ba shi kakar nan gaba ɗaya, in kuma ka ga kame-kame yake ko ya ce ba kowa ne a wajen shi ya sa, to a ƙarshen kaka ka yi shawara da yayanka, shekara 20 ba ta makara ba. Ka roƙe shi kuma ya bar maka firikik da kwana, wannan ba ruwansa da inda kake tsayawa, Pirlo daga baya yake amma shi yake buga su.

Kati kuma matsalar ba a takil take ba a tsayuwa take, kana bin ƙwallo ne har yanzu kamar lamba 10 shi ya sa in an ƙwace kake samun kanka a gaban wasa sai ka biyo mutum ta baya, takil ta baya kuwa sau da yawa alƙalin wasa kati zai ba ka. In ƙungiyarku tana kai hari kai kar ka wuce ƙwallo, ka zauna a bayanta, ka riƙa duba ina lamba 10 ɗinsu yake tun ƙwallo tana ƙafar naku, ai ka fi kowa sanin inda yake son laɓewa tunda nan ka taso. In ya karɓa ya fuskance ka kar ka zube ƙasa, ka rage tsawo ka ja da baya a hankali ka tura shi ƙafarsa mara ƙarfi har naku su dawo, daƙiƙa uku kawai ake nema a wajenka. Ka gwada wannan a wasanku na gaba, sannan ka dawo ka gaya min abin da kocin ya ce.